Idan Fargaba Ta Fara Hana Yaro Zuwa Makaranta

'Yan uwa iyaye, ku lura da yaron da cikinsa ke ciwo kullum da safe, amma da an ce ya zauna gida sai ya warware. Sau da yawa fargaba ce, kuma ciwon da gaske yake ji. Duk ranar da muka bar shi gida don tausayi, tsoron ƙara ƙarfi yake yi. Yau ku raka shi ko bakin aji ne, gobe ya zauna awa ɗaya. Ku kula da barcinsa, rashinsa na rura abin. In ya daina wasa da abokai ko ya rage ci, ku kai shi wurin likita, don ciwon damuwa kan haɗu da fargabar.