Yadda nake yi wa kwandalar Rumawa gida da zinari

Ni maƙerin fari ne a Bauchi, kusa da kasuwar Wunti nake aiki, kuma a wurin mahaifina na koyi sana'ar. Bara wata Hajiya ta kawo mini kwandala ƙunshe a ƙyalle, wadda ɗanta ya sayo mata a Landan. Ta ce: "Malam, so nake a huda ta a sa mini a sarƙa." Na ce: "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ba a huda ta." Dinarin azurfa ne na Sarki Tarajan, wanda ya mulki Rum daga shekarar 98 zuwa 117 miladiyya. Kalmar dinari ma daga sunan wannan kuɗi ta fito, ta biyo ta Larabci ta iso mana. 'Yan uwana maƙera, ga yadda na yi aikin.

Kafin komai, ka tabbatar ba jabu ba ce. Rumawa buga kuɗinsu suke yi da guduma tsakanin hatimi biyu, shi ya sa ba ka samun kwandalarsu a zagaye cif. In ka ga layin haɗi a gefenta, ko ƙananan ramuka kamar na ƙuraje a fuskarta, zuba ta aka yi, ka yi hattara. Dinarin zamanin Tarajan yana ɗan haura giram 3, faɗinsa wajen milimita 18 zuwa 19. Ka auna a gaban mai ita, ka ɗauki hoton gaba da baya, ka nemi takardar wanda ya sayar.

Sai ka nuna wa mai kwandalar abin da ke jikinta. Gaba kan sarki ne, baya kuwa sau da yawa hoton wani abin bautar Rumawa ne. Gara ta sani tun kafin ka narka zinarinta, in tana so ta tambayi malaminta. Wadda ba ta son hoto, akwai dinarin Umayyawa na Halifa Abdulmalik, wanda tun hijira ta 77 rubutu ne zalla. Namiji kuma da azurfa nake yi masa.

To, ga inda aikin yake. Wuta ba ta taɓa kwandala, ko sau ɗaya. Ina yaro na taɓa yi wa wani tsohon sulen azurfa na zamanin Turawa kunne da walda, fuskarsa ta yi ɗoɗɗo, rubutun gefe ya shafe, har yau ina jin zafin abin. Saboda haka gidan, wato ƙawanyar zinarin da za ta riƙe kwandalar, ake gamawa shi kaɗai, kwandala tana can a aljihun tebur.

Ka yanki siririyar takarda ka naɗa a gefen kwandalar, domin tunda ba zagayayya ba ce, ma'auni kaɗai zai yaudare ka. Da wannan takarda za ka yanki zinarin, kaurinsa kamar rabin milimita. Ka lanƙwasa shi ya bi surarta da duk karkacewarta, kada ka goge gefen kwandala don ta shiga gida, gidan ne zai bi ta. Ka haɗa bakin ƙawanyar da walda, sannan ka manna siririyar waya a ciki ta ƙasa, wadda kwandalar za ta zauna a kai. Tsayin ƙawanyar ya ɗara kwandalar da ɗan kaɗan bayan ta zauna, abin da za ka kwantar ke nan. Ni na fi son karat 21 a abin wuya, yana da taushi, yana kwanciya ba gardama. Karat 18 ya fi jure gogayya in zobe ne, amma gaskiya ba na son sa tsohuwar kwandala a zobe, hannu ba ya hutawa da wanke-wanke da bugun abubuwa.

Kunnen da sarƙa za ta shiga, ka daidaita shi da saman kan sarki. Kada ka yi mamaki in ka juya ka ga bayan a kife, da yawansu haka aka buga su. Ka gama walda, ka tsoma gidan a ruwan asid, ka goge shi ya yi ƙyalli, ka ɗauraye, ya bushe sarai. Sai yanzu kwandala za ta fito. Ka rufe fuskarta da salatif ɗin takarda, ka zaunar da ita, ka riƙa kwantar da bakin da ƙarfe mai santsi: sama, sannan ƙasa, dama, sannan hagu, a hankali har ya kama ko'ina. Ban da guduma. Tsohuwar azurfa takan yi gautsi, bugu ɗaya na iya tsaga ta. Bayanta kuma ka bar shi a buɗe a ga rubutun.

Baƙin da ke kwance a lungunan rubutu ba dauɗa ba ce, shi ke fito da zanen, kuma masu sayen irin waɗannan kuɗi suna rage farashi in an kankare shi. Ban da toka, ban da lemon tsami da tsamiya. Ruwan ɗumi da ɗan sabulu sun isa.

In ta tagulla ce, irin ƙananan nan na zamanin Sarki Kustantin masu araha, gumi ne abokin gabarta. Ka ɗaga wayar ciki don kada ta kwanta a fata. In ka ga koren gari mai laushi yana fitowa, musamman da damina, ciwo ne da ke cin tagullar, kada ka sa ta a gida sai an yi maganinsa.

Wanda bai taɓa yi ba ya fara gwadawa da anini ko tsohon kwabo da jan ƙarfe, har hannunsa ya faɗa. Ta Hajiya kwana uku ta ɗauke ni. Da ta zo karɓa na gaya mata ta riƙa shafa humra da turarenta su bushe kafin ta rataya, kuma ta cire in za ta yi wanka.