Kurakuran da aka fi yi wajen neman safayar farfelar tsohon injin yankan ciyawa

Injin yankan ciyawa da ake ɗaura wa tarakta ba ya juya kansa. Ƙarfinsa yana fitowa ne daga sandar PTO, wato guntun ƙarfe mai haƙora da ke juyawa a bayan tarakta, ya bi ta farfela, wato doguwar sandar da ke haɗa tarakta da injin, mai kuros biyu (gaɓoɓin da ke ba ta damar lanƙwasawa), ya shiga giyabos, sannan ya kai ga wuƙaƙe. Idan injin ya tsufa, sau da yawa farantin da ke ɗauke da lambarsa ya goge, wani lokaci ma kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da rufewa, don haka mai neman safaya ba shi da abin dogaro sai awo.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shiga kasuwa da sunan tarakta kawai. Mutum ya je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya ce yana son farfelar Massey Ferguson 135, alhali kamfanin tarakta ba shi ne ya yi farfelar ba. Abin da tarakta ke ƙayyadewa shi ne bakin da ke shiga sandarta: mai juyi 540 a minti tana da haƙora 6 da kaurin inci 1 da 3/8, mai juyi 1000 kuwa tana da haƙora 21 a kauri ɗaya, ko haƙora 20 a inci 1 da 3/4. Ɗaya bakin, wanda ke shiga giyabos, yana iya zama mai haƙora, yana iya zama rami mai santsi da ake sa wa ƙusa. A ƙirga haƙoran, a auna bakunan biyu, kuma in da hali a ɗauki tsohon ƙarfen a tafi da shi.

Kuros ma ba a sayensa da ido. Ana auna faɗin hularsa da tsawonsa daga hula zuwa hula, da milimita, domin akwai 22 da 54, akwai 27 da 74.6, akwai 30.2 da 92, kuma wasu ƙirar Amurka da inci ake auna su, suna kusa da waɗannan amma ba daidai ba. Kuros ɗin da ya shiga da 'yar rawa zai cinye kunnen da ke riƙe shi cikin ƙanƙanin lokaci, wanda aka dake shi da guduma kuwa alluran cikinsa sun riga sun karye kafin a tayar da tarakta. A kuma duba inda zoben da ke kulle hular yake zama, ciki ko waje. Haka bututun farfelar yake, wanda rabi biyu ne, ɗaya na shiga cikin ɗaya: kamfanin Bondioli & Pavesi na Italiya an san shi da mai kusurwa uku, Walterscheid na Jamus yana da mai siffar lemon tsami da mai siffar tauraro, a Amurka kuma ana yawan samun mai kusurwa huɗu. Rabin wannan ba ya shiga rabin wancan, don haka sayen rabi guda a gwanjo yakan ƙare da asarar kuɗi.

Tsawo shi ne inda ake yin ɓarna mafi tsada. Sabuwar farfela takan zo da tsawon da ya wuce buƙata, domin a yanke ta daidai da injin. Wanda ya ɗaura ta haka nan, da zarar ya ɗaga injin sai bututun biyu su cike, ƙarfin ya tunkari giyabos ko boris ɗin PTO ya fasa. Gyaran shi ne a ɗaga injin a sauke shi a hankali har a gano inda tazarar ta fi gajarta, a auna a wannan wuri, a yanke rabi biyun daidai wa daida tare da murfin robar da ke rufe su, a goge bakin da aka yanke, a shafa giris. Amma kada a zarce, domin a inda farfelar ta fi miƙewa ana son aƙalla kashi ɗaya cikin uku na bututun ya kasance cikin ɗan'uwansa. Walda da wasu ke yi don ƙara tsawo ba gyara ba ne a ganina, saboda da wuya kunnuwan kuros biyun su zauna a layi ɗaya, kuma idan suka saɓa sai jijjiga ta bi injin gaba ɗaya.

Sai ƙusar kariya, wadda aka yi ta don ta karye idan wuƙa ta daki kututture ko dutse. Idan ta yawaita karyewa, wasu sukan sa wadda ta fi ta ƙarfi ko su cusa guntun rodi, ranar da wuƙa ta sake cin karo kuma haƙoran giya ne ke zubewa a madadinta. A duba alamar da ke kan tsohuwar ƙusar a nemi irinta a kauri da ƙarfi. Injin da ke da kulocin faifai, wanda ke zamewa idan wuƙa ta ci karo, yana da tasa matsalar: bayan dogon zama tsatsa kan manne faifan, don haka kafin a fara aiki a sassauta notocinsa, a bar shi ya zame na 'yan daƙiƙu, sannan a mayar da su yadda suke.

Tsofaffin taraktoci irin su Ford 8N da Ferguson TE20, waɗanda PTO ɗinsu ke haɗe da giyar tafiya, suna buƙatar kuloci mai sakin juyi ta gefe guda, in ba haka ba nauyin wuƙaƙen zai ci gaba da tura tarakta bayan an taka kuloci. Wannan kuloci mai sakin juyi shi ma yana rage tazarar da ke tsakanin tarakta da injin, saboda haka a sa shi kafin a auna farfela.

Murfin roba kuwa ana sayar da shi daban, kuma farfelar gwanjo kan zo babu shi. Sandar da ke juyi 540 a minti tana zagayawa sau 9 a daƙiƙa guda, kuma hannun babbar riga ko bakin rawani ya isa ta kama mutum. A saya gwargwadon girman kuros, a ɗaure sarƙarsa a jikin tarakta da jikin injin domin kada ya juya tare da farfelar.