Darasi na 6: Sabuwar dabara a ƙaramar sana'a

To ɗalibai, yau maganar sana'a zamu yi, amma ba ta jari ba, ta dabara. Ku duba layinku da kyau, in mace ɗaya ta fara awara ta samu ciniki kafin wata ya ƙare gida huɗu na soya awara, yanka iri ɗaya yaji iri ɗaya kuɗi iri ɗaya, daga nan sai a koma karya farashi ana gaba da juna, ƙarshe kowa ta tashi ba riba sai ƙaurin mai a zani. Ba laifi bane kiyi sana'ar da wata keyi, amma me kika ƙara wanda zai sa yaro ya wuce gida uku yazo naki?

Sabuwar dabara yawanci a bakin mai saye take, cikin ƙorafinsa. Ku ɗauki fura. Da a ƙwarya muka santa, a dama maka da ludayi kasha a wurin, to ma'aikacin ofis ko matafiyi fa da bazai zauna ba? Sai wasu suka fara damata da yogot a blenda, su zuba a gora mai murfi su sa a firij, yanzu har shaguna ake buɗewa na fura zalla a Kano da Kaduna da Abuja. Gero ne dai da nono da kayan yaji, ba abinda ya canza sai yadda take isa hannun mutum. Haka yajin da ake ƙullawa a ƙullin leda ya koma cikin roba da suna da lambar waya a jiki. Saboda haka in kwastoma tace miki "kunun ayan nan naki kafin la'asar ya yi tsami", kar kiyi fushi, karatu ta baki kyauta. Aya bata son zafi ko kaɗan, sai ki rage yawan da kike yi, ki yi sau biyu a rana ko ki nemi kula ki zuba ƙanƙara a ciki.

Kun tuna farkon 2023 da takardar kuɗi ta yi wuya bayan Babban Banki ya canza 200 da 500 da 1000? Mai shayi da mai kayan miyan da suka yarda da tiransifa sune suka yi ciniki, wanda yace shi sai kuɗi a hannu kuwa tumatur ya ruɓe masa a faifai.

Amma fa kar wani yaji wannan darasi ya kwashe jarinsa kaf ya zuba a sabon abu, wannan ganganci ne. Gwaji kaɗan ake yi. Misali kina gora 20 na zoɓo kullum, to ki ware 5 kawai ki sa musu abarba da citta, ki ƙara naira 50 a kansu. In sun ƙare kafin sauran kwana uku a jere kin samu amsa, in sun kwana asarar gora 5 ce ba ta karya kowa. Kuma ki rubuta! Amfanin karatun da muke yi kenan, littafi ɗan ƙarami, rana, abinda aka yi, abinda aka sayar, abinda ya rage. Kai yana mantuwa, kuma yana son ya gaya maka abinda kake so kaji.

Ku kuma iyayen gida masu yaran shago, teloli da kafintoci da masu walda, da ku nake. Yaron nan da kake aika sayen zare shi ke riƙe da waya yana ganin ɗinkin da ake yayi, amma duk ran da ya buɗe baki sai kace "haka muka gada", to ya daina magana, ran da ya samu 'yanci kuma ya buɗe nasa da dabarar da ka ƙi ji. Ka bashi ragowar yadi ya gwada, in ya ɓata kar ka tozarta shi gaban mutane, in ya yi kyau ka faɗa a gabansu kuma ka ɗan sa masa wani abu a aljihu. Ka barshi ya ɗauki hoton aikin da hasken rana ya sa a status na WhatsApp, wannan tallan ko sisi sai ɗan data.

Gargaɗi ɗaya ga masu abinci da abin sha: gorar da aka tsinto a bola ba dabara bace, cuta ce. In kuma kayanki sun kai ki kaisu manyan shaguna zasu tambayi lambar NAFDAC, wato hukumar kula da abinci da magunguna, hukumar SMEDAN da aka kafa a 2003 dan ƙananan sana'o'i zata iya nuna miki hanya.

Aikin gida: kowa ya tambayi masu sayen kayansa mutum 3 abinda basu so a kayan, ya rubuta amsar da hannunsa ko da layi ɗaya ɗaya ne. Sannan ya rubuta abu guda da zai gwada wannan satin da nawa zai ci masa. Ku zo da littafin a aji na gaba, kowa zai tashi ya karanta nasa.