Yadda za ka gina amsa a hirar shiga makarantar kine

Duk shekara, da sakamakon bak ya fito, sai wayata ta fara ƙara daga Tawa, daga Madawa, daga Ƙonni. Ga yaro ya ci, yana son karatun kine, wato aikin dawo wa mara lafiya da motsin jikinsa, an ce bayan duba takardu akwai zama da malamai su yi masa tambayoyi, to me zai ce? Ni kine ne, a Yamai nake aiki, kuma a tsakar gidana nake zama da irin waɗannan yara muna gwaji bayan sallar isha'i. Ilimi suna da shi. Wanda ya ci bak D ya san ƙashi da tsoka da jijiya daidai gwargwado. Inda suke tuntuɓe shi ne wurin jera magana: an yi tambaya ɗaya, sai yaro ya kama hanya mai nisa, lokaci ya ƙare bai iso inda aka tambaye shi ba.

Dalilin a cikin tarbiyyarmu yake, kuma tarbiyya ce mai kyau. Idan ka je wurin babba da buƙata, sai ka gaishe shi, ka tambayi iyali, ku taɓa zancen damina da farashin hatsi, sai ka tashi za ka sa takalmi sannan ka ce, af Baba, dama ga abin da ya kawo ni. A ɗakin hira sai ka juya wannan tsari. Gaisuwa gajera a bakin ƙofa, daga nan duk tambayar da aka jefo, jimlarka ta farko ita ce amsar. Bayan ta sai ka kawo mutum ɗaya ko abu ɗaya da ka gani da idonka wanda ke tsaya wa amsar. Na uku, ka faɗi abin da ka ɗauka daga wannan abin, da yadda ya haɗu da karatun da kake nema. Sai ka yi shiru. Shirun nan yana cikin amsar, ƙanena, domin yara da yawa suna ba da amsa mai kyau sannan su ɓata ta da ƙarin da ba a nema ba. Minti ɗaya, in ta yi tsawo ɗaya da rabi, ya isa kowace amsa.

Mu ɗauki tambayar da babu makawa sai an yi ta: me ya sa kine? Kusan kowa cewa yake yana son taimakon al'umma. Gaskiya ce, amma ungozoma ma taimakon al'umma take yi, mushe a lakkol ma haka, mai gyaran famfon unguwa ma haka. Malamin da ke zaune tun safe ya ji wannan jimla har ta daina shiga kunnensa. Ga irin amsar da nake so in ji:

"Ina son kine ne saboda na ga halin da mutum ke shiga bayan an sallame shi daga asibiti. Kawuna ya samu shanyewar ɓarin jiki sakamakon hawan jini. An ba shi magani, jinin ya sauka, amma ya dawo gida hannun dama da ƙafar dama ba sa aiki. Ni nake raka shi wurin kine. Na ga an fara koya masa juyawa a kan gado, sannan zama, sannan tsayuwa, kuma an gargaɗe ni kada in riƙa jan hannun da ya shanye idan zan tayar da shi, don kafaɗar tana iya gocewa. Da ya koma zuwa masallacin ƙofar gida da sanda, sai na gane wannan ɓangaren na jinya nake son koya, wanda ke farawa bayan an ceci rai."

Dubi zancen kafaɗar nan. Shi ne ke nuna wa malamai cewa mai maganar ya tsaya a wurin, ya saurara, ya riƙe abin da aka gaya masa. Irin wannan ƙaramin abu ya fi musu doguwar magana kan son ɗan Adam.

In ba ka da labari irin wannan, kada ka ƙirƙira. Masu tambayar ƴan sana'ar ne, za su tona: wane ɓari ne ya shanye, yana iya magana, sau nawa kuke zuwa a mako? Ƙarya ba ta jure tambaya uku. Abin yi shi ne ka je ka nemi labarinka tun kafin ranar. A Yamai akwai Asibitin Ƙasa, akwai na Lamorde da ake kira Amirou Boubacar Diallo, akwai asibitin yara na CURE da aka buɗe a 2010. In kana jihar Tawa, ka je babban asibitin jiha ko asibitin Galmi, ka tambayi inda ake aikin kine, ka gaida shugaban sashen cikin ladabi, ka roƙi izinin zama kana kallo. In aka ba ka dama, ka tafi da ƙaramin littafi, duk yamma ka rubuta abin da ka gani ba tare da sunan kowa ba. Daga littafin nan amsoshinka za su fito.

Sai tambaya ta biyu da ke tona asirin wanda bai shirya ba: mene ne aikin kine? Wanda ya ce tausa ya tsaya nan, ya faɗi abin da mutanen kan titi ke faɗa. Ka fara da jimla ɗaya, cewa kine yana taimaka wa wanda ciwo ko haɗari ko nakasar haihuwa ta rage wa motsi ya dawo da abin da zai iya dawowa, ta hanyar motsa jiki da aikin hannu da koyarwa. Sannan ka kawo misali biyu masu nisa da juna, don a ga ka san faɗin aikin. Akwai ɗan kabu-kabu da aka cire wa filasta gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Akwai jaririn da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa, abin da ke samun kusan ɗaya cikin jarirai 1,000, wanda ake gyarawa da hanyar Ponseti: filasta ana canzawa mako-mako, sannan takalmi mai ƙarfe a tsakani da zai riƙa sawa da dare har ya kai shekara huɗu ko biyar. Akwai yaron da allurar ɗuwawu ta taɓa wa babbar jijiya yana jan ƙafa. Akwai wanda ya ƙone fatar tana neman ta tattare ta kama gaɓa, da mai ciwon ƙirji da ake taimaka wa ya fitar da majina, da waɗanda shan inna ta riga ta taɓa. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, amma waɗanda ta shanye wa ƙafa tun da can suna nan tare da mu, suna buƙatar kulawa. Ka zaɓi biyu kawai daga ciki. Ka rufe da iyakar aikin: kine ba ya fiɗa, tare yake aiki da lokotoro da masu jinya da masu ƙera ƙafar roba.

In kana son adadi, ɗaya ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan biliyan 2.4, wato ɗaya cikin uku a duniya, na da lalurar da irin wannan kulawa za ta amfana. Ka faɗe shi, ka dawo da shi gida nan take: a garinku, wanda ya shanye, tafiyar awa nawa zai yi kafin ya ga kine?

Samari da yawa burinsu su zama kine na Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, ko su tsaya a gefen filin kokuwa lokacin gasar takobi. Babu laifi, ka faɗa. Amma ka haɗa da cewa ka san karatun zai fara kai ka gadon tsoho mai shanyewa da ɗakin yara kafin ka ga ɗan wasa ko ɗaya, kuma ka yarda da hakan.

Yanzu ga inda kunya ke cutar da mu. Za a ce ka faɗi halayenka masu kyau. An raine mu da cewa yabon kai jahilci, sai yaro ya sunkuyar da kai ya ce mutane ne za su faɗa. Ko kuma ya haddace jerin kalmomi: mai haƙuri, mai ƙwazo, mai son aiki da jama'a. Mafita ita ce ka bar siffanta kanka, ka faɗi abin da ka aikata. Maimakon "ina da haƙuri", yarinya ta ce: "Kakata ba ta ji sosai, kuma tana mance lokacin magani. Ni ce mai ba ta safe da dare tun ina lise, in ta ƙi sha sai in bari ta huce in sake dawowa." Ba ta yabi kanta ba, labari ta bayar, malamai da kansu za su sa masa suna. Haka in an tambayi rauninka, ko aka nuna makin da ka faɗi a takardunka. Ka amsa cewa haka ne, ka faɗi matakin da ka ɗauka, ka faɗi inda abin ya tsaya yanzu. Kada ka ɗora wa malamin lise laifi ko da yana da shi.

Tambayoyin da na fi ba lokaci a wurin gwaji su ne na "me za ka yi idan". A nan ba a jiran ka san magani, ai ba ka fara karatun ba. Ana duban jerin tunaninka ne. Jerin da nake koyarwa shi ne: lafiyar mara lafiya tukuna, sannan sauraro, sannan bayani, sannan sanin wanda za ka kira.

Misali, an ce maka uwa ta kawo yaro da ya faɗo daga bishiya. An kai shi wurin mai ɗori, an ɗaure hannun da karare tamau, yanzu yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, yaron yana kuka ba ƙaƙƙautawa. Ɗan takarar da ya fara da zagin masu ɗori ya faɗi, wanda ya ce zai yi tausa shi ma ya faɗi. Amsa mai tsari za ta ce: wannan alama ce ɗaurin ya hana jini gudana, kuma in aka daɗe hannun na iya nakasa har abada, don haka zan kira lokotoro nan take, ba zan bari su koma gida ba. Zan tambayi uwar yaushe aka ɗaure, in saurare ta ba tare da na kunyata ta ba, domin ta kai shi inda ta yarda da shi ne, inda iyayenta ma suka kai ta. Sannan in yi mata bayani da harshen da take ji. Wannan batun sauraro ina ɗaukarsa da muhimmanci ƙwarai. Uwar da aka yi wa tsawa a asibiti ba ta dawowa, kuma aikinmu na dawowa ne, mako bayan mako. Kine da ba a dawo masa ba, ilimin da ya tara bai amfani kowa ba.

Ke kuma ƙanwata, kina iya haɗuwa da tambayar ko za ki yi wa namiji aiki, kamar yadda za a tambayi namiji game da mace. Sana'ar hannu ce, akwai taɓa jiki, kuma a makaranta ɗalibai suna gwada darasi a jikin junansu. Ki yi wannan tunanin a gida, ki tattauna da iyayenki, kada ɗakin hira ya zama wurin da kika fara jin zancen. Amsar da ta zauna ita ce wadda ta ambaci neman izinin mara lafiya kafin a taɓa shi, jan labule, buɗe wurin da ake aiki a kai kaɗai, da barin ɗan uwansa ya zauna in yana so. Abin da kika yarda da shi za ki faɗa, don in kika faɗi abin da ba za ki iya ba, shekarun karatun za su yi miki nauyi.

In aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi abin da ka sani kusa da shi. Mai kame-kame a gaban malamai, gobe zai yi kame-kame a jikin mutum, kuma sun san haka.

Da Faransanci za a yi hirar, amma ni da Hausa nake sa yara su fara gina amsa. Ka zauna gaban Inna ka gaya mata dalilin da ya sa kake son wannan karatu. In ta gane har ta yi maka tambaya, amsar ta ginu, sai ka mayar da ita Faransanci. In ka fara da Faransanci, manyan kalmomi za su rufe maka ramin da ke cikin tunanin. Kada ka haddace jimla-jimla, don kalma ɗaya in ta ɓace sauran sai su bi ta. Ka riƙe abu ukun nan na kowace amsa a ka, kalmomin su zo da kansu. Ka ɗauki muryarka a waya ka saurara, ka duba agogo. Ka sa wani babba da kake jin nauyinsa ya zauna a matsayin malami, ya riƙa katse ka, don ka saba ɗaga kai ka dubi mai tambaya. Sunkuyar da kai ladabi ne a gida, amma a can ana iya ɗaukarsa rashin tabbas, kuma murya tana nutsewa idan haɓa ta taɓa ƙirji.

Masu neman tafiya waje, kamar makarantar ENAM ta Lome ko makarantar kine ta Kwatano, su shirya wa tambayar abin da za su yi bayan sun gama. "Zan dawo in yi wa ƙasata aiki" ta yi faɗi da yawa. Ka kira sunan wuri. Ka ce daga Tawa zuwa Yamai ya fi kilomita 500, kuma kana son mai shanyewa na Keita ko Buza ya samu kine ba tare da ya kwana a mota ba.

Daga ƙarshe sukan ce, kana da tambaya? Kada ka ce babu. Ka tanadi guda biyu tun daga gida: a waɗanne asibitoci ɗalibai ke zuwa koyon aiki, kuma a wace shekara ake fara barinsu su taɓa mara lafiya ƙarƙashin kulawar malami. In makarantar mai zaman kanta ce, kafin ma ranar hirar ka je ofishinsu ka nemi a nuna maka takardar da ke tabbatar da gwamnati ta amince da diflomarsu, kuma ka karanta ta da idonka kafin mahaifinka ya biya ko dala.