Shekara goma kana aiki ɗaya amma hannunka bai canza ba, ga inda matsalar take

Akwai wata magana da na gaji da ji, wai "ai ni shekarata goma sha biyar a wannan aikin". To sai me? Ni ɗin nan na fi shekara takwas ina buga rubutu a kwamfuta da yatsa biyu, ido ƙur a kan kibod kamar kaza mai tsince-tsince, kullum fa sai na buga, amma saurina na shekara ta takwas shi ne dai na shekara ta biyu. Babban kuskuren da yawancinmu ke yi ke nan, mu ɗauki daɗewa a matsayin ƙwarewa. Da zarar hannu ya saba har yana yin abu ba tare da ka yi tunani ba, to ya daina koyo, maimaici kawai yake yi, har da kurakuransa yake maimaitawa. Ranar da na ƙudura gyarawa sai na ɗauko tawul na rufe hannayena don kada in ga maɓallan, wallahi wajen mako biyu ina jin kamar in jefar da kwamfutar, layi ɗaya sai in goge sau biyar, in nufi "n" in danna "b", aikin minti goma ya koma na rabin awa. Nan ne daidai wurin da mutane ke gudu su koma tsohuwar hanya, don suna ganin baya suka ci, alhali wannan lalacewar ita ce alamar hannu ya fara koyon sabon abu.

Sai zancen awa 10,000 da ake ta yawo da shi, wai duk wanda ya cika su ya zama gwani. Asalin maganar wani bincike ne da Anders Ericsson, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwidin, ya wallafa da abokan aikinsa a 1993, a kan ɗalibai masu koyon gogen Turawa a wata makarantar kiɗa a birnin Balin na Jamus. Sun gano waɗanda suka fi iyawa sun tara kimanin awa 10,000 na atisaye kafin su cika shekara 20, amma fa matsakaici ne, wasu cikinsu ba su kai haka ba wasu sun wuce. Wani marubuci mai suna Malcolm Gladwell ne ya baza adadin a duniya a littafinsa na 2008, shi kuwa Ericsson har ya rasu a 2020 yana nanata cewa ba abin da yake nufi ke nan ba. Abin da ya ƙirga shi ne lokacin da ɗalibi ya keɓe kansa yana fama da wurin da ke ba shi wuya, bisa tsarin da malami ya zana masa. Awannin da ka yi kana abin da ka riga ka iya kana hira kana danna waya, ba sa cikin lissafi.

Ka duba tela misali. Ya iya miƙaƙƙen ɗinki kamar me, amma duk sanda ya zo sa zif sai ya tattare, kwala kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, to me yake yi? Sai ya riƙa kauce wa aikin da ke da zif, ko ya lallaɓa ya danne da guga ya miƙa wa mai kaya yana addu'ar kada a lura. Shekara goma a haka zif ɗinsa na nan yadda yake. Da zai tara ragowar ƙyalle ya ware minti talatin kullum, ya sa zif ya farke ya sake sawa, yana lura ko jan yadin yake yi da ƙarfi ko kuwa bai kafe shi da fil ba kafin ya hau keke, da tuni an wuce wurin. Abin ba daɗi gaskiya, babu mai biyanka kuɗin ɗinkin da za ka farke, shi ya sa ba a yi.

Wani kuskuren kuma shi ne na masu zafin nama, a yi wata guda ba a taɓa abu ba sai rana ɗaya a zauna awa takwas a ce za a rama. A 1978 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Alan Baddeley da abokin aikinsa Longman sun wallafa gwajin da suka yi da ma'aikatan gidan waya a Birtaniya da ake koya wa buga kibod, aka raba su rukuni-rukuni, wasu awa ɗaya a rana, wasu har awa huɗu. Masu awa ɗaya su suka iya da mafi ƙarancin awanni, masu awa huɗu su ne na baya. Abin dariyar ma, masu awa ɗayan su suka fi ƙorafi da tsarin don suna ganin kwanaki na ta tafiya. Barci ma yana da nasa aikin, cikin dare ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da hannu ya koya da rana, shi ya sa abin da ya gagare ka jiya da yamma sai ka ga da safe ya zo da sauƙi. Sannu sannu dai kwana nesa.

Kallon bidiyon koyarwa a YouTube har ƙarfe biyun dare, da sayen kayan aiki masu tsada kafin a iya riƙe na arha, waɗannan kam ba sai na tsaya a kansu ba, kowa ya san kansa. Ka kalli ɗaya, ka kashe wayar, ka gwada.

Wanda ya fi damuna shi ne atisaye ba mai gyara maka. In kana yin abu ba daidai ba kuma kana naci a kai, kuskuren kake ƙwarewa a kansa, cire shi daga baya ya fi koyon farko wuya nesa ba kusa ba. Girman kai ne ke hana wasu nuna aikinsu, wasu kuma kunya, wasu suna nunawa amma ga masoyansu waɗanda komai aka yi sai su ce "kai ya yi kyau sosai". Kuma tambayar ma a iya ta, in ka ce wa gwani "ya ka gani?" zai ce ba laifi don kada ya ɓata maka rai. Ce masa, "don Allah nuna min wuri ɗaya da ya fi muni a nan, kuma da kai ne ya za ka yi shi?" In babu gwani kusa, jingine waya ka ɗauki kanka bidiyo kana aikin, ko ka ajiye naka kusa da na wanda ya fi ka ka yi ta dubawa har ka gano inda suka rabu. Ni sai da na ga bidiyon hannuna sannan na gane ashe ƙaramin yatsana na hagu a sama yake tsaye ƙiƙam tun da na fara, bai taɓa danna komai ba, na kusa da shi ke ta yi masa aikinsa.