Kafin ka ce katin girafik ɗinka ya gaji: kurakuran da nake yawan gani a Kano

Ƙorafin kusan iri ɗaya ne a bakin kowa. Wasa yana tsinkewa, hoto yana ja, an sayi katin girafik mai tsada, wato na'urar da ke sarrafa hoto a kwamfuta, amma GTA V ko eFootball na tafiya da ƙyar. Daga nan sai mutum ya yanke hukunci cewa katin ne ba shi da ƙarfi, ya nufi kasuwar Farm Centre ko Beirut Road neman wani. A yawancin kwamfutocin da suka biyo ta hannuna, katin lafiyarsa ƙalau. Abin da ke kewaye da shi ne ke shaƙe shi.

Fara da mai sauƙi: leƙa bayan kwamfutar. Idan wayar HDMI da ke zuwa allo tana sama, jikin madabod (babban faifan da komai ke jone a kansa), kusa da ramukan USB, to katinka zaune yake ba ya aikin komai, ƙaramin girafik ɗin da ke cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ne ke ta fama. Cire ta ka mayar ƙasa, jikin katin. Shi ma katin a zaunar da shi a ramin PCIe na sama, mafi kusa da furosesa.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona min rai, wato akwatin wuta, abin da masu gyara ke kira pawa. Mutum zai zuba dubban ɗaruruwa a kati, amma da an zo kan pawa sai ya ce a ba shi mai araha. Katin RX 580, wanda ya cika kasuwar kayan hannu, yana jan wat 185 shi kaɗai, kuma pawa mai wat 500 ake so a haɗa masa. RTX 3060 wat 170 yake ci, kamfaninsa NVIDIA ya ce a ba shi mai 550. Amma lambar da aka buga da manyan haruffa a jikin kwali ba ita ce magana ba. Kati daga layin bolt 12 yake shan wutarsa, don haka karanta takardar da ke manne a gefen pawar ka ga nawa wannan layin ke bayarwa. Akwai masu rubutun 600 da in ka ɗaga su za ka ji kamar gwangwanin madara da aka shanye. Irin wannan ce ta cinye min kati da madabod a dare ɗaya, ana tsakar wasa, sai ƙauri kawai ya tashi. Wanda ya haɗa min injin ya rantse cewa za ta ɗauka.

Alamar pawa mara ƙarfi ba ta ɓuya. Kwamfuta tana lafiya muddin kana kallon bidiyo ko rubutu, amma da wasa ya yi nauyi sai allo ya yi baƙi, ko injin ya mutu ya sake tashi da kansa. In ka ga haka, daina sauke direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, kana ɗorawa. Kuma don Allah ku rabu da 'yar wayar nan da ke juya bakin SATA, wato na ba ma'ajiyar bayanai wuta, ya koma na kati. Bakin SATA an yi shi ne don wat 54, bakin kati mai fil 8 kuwa har 150 yake ɗauka. Narkewa take yi. Masu sayen tsohuwar kwamfutar ofis su cusa mata babban kati su ne suka fi faɗawa wannan rami, domin pawar irin waɗannan injina ba ta da wayar kati tun asali. In ita kake da ita, tsaya a kan kati irin GTX 1650, wanda yawancinsa wat 75 na jikin ramin ya ishe shi. Ni dai ba na jona kwamfutar wasa kai tsaye a bango ko a ƙaramin janareto. Sai ta bi ta sitabilaiza, saboda yadda wuta ke zuwa mana rabi-rabi da yamma.

Na gaba shi ne zafi da ƙura, kuma nan ne nake ganin sakaci tsagwaronsa. Malam, a Kano kake. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cusa ƙura a kowace kafa, sannan Maris zuwa Mayu zafi ya haura digiri 40. Ƙurar da ta taru a hunturu ita ke toshe ƙarfen sanyaya daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Yawancin katunan NVIDIA da sun kai wajen digiri 83 sai su rage gudu da kansu don kada su lalace. Shi ya sa wasa ke fara tafiya sumul, bayan ɗan lokaci ya soma ja. Amma sai ka shiga ɗaki ka tarar da injin a ƙasa kan kafet, an manna shi da bango, an kuma lulluɓe shi da zane wai don kare ƙura, yana aiki a haka! Ina iskar za ta fita? Ɗora shi kan tebur. Sauke manhajar MSI Afterburner ko GPU-Z, duka kyauta ne, ka riƙa ganin zafin da idonka kana cikin wasa. Ni nakan buɗe nawa in hure shi da bulowa a tsakiyar hunturu, in sake da zarar ya wuce. Riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa, kada iska ta juya ta fiye da kima. Katin da ya shekara uku zuwa huɗu kuma, man da ke tsakanin guntunsa da ƙarfen sanyaya ya bushe, a goge a sa sabo ɗan kaɗan. Ba man goge baki ba, na taɓa ganin wanda aka yi wa haka.

Sauran gajeru ne. In ka sauya daga katin AMD zuwa NVIDIA ko akasin haka, share tsohon direba da DDU, manhajar goge direba, kafin ka ɗora sabo, kuma daga shafin kamfanin za ka sauke shi, ba daga filashin wani ba. RAM, wato ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, sanda ɗaya mai giga 16 ba ta kai sanda biyu masu giga 8 sauri ba. Allo mai 144Hz sau da yawa Windows kan bar shi a 60 har sai ka shiga saiti ka ɗaga. Laftof kuwa in ba a jone take da caja ba, rage ƙarfin katin take yi. Idan Afterburner ya nuna katin bai cika aiki ba alhali furosesa ta ƙure, sabon kati ba zai ƙara maka komai ba. Mai katin da ma'adanarsa giga 4 ce kuma ya haƙura da saitin hoto mafi girma a sababbin wasanni.

Sai masu sayen na hannu. Tun da aka daina haƙo kuɗin intanet na Ethereum da katuna a Satumban 2022, katunan da suka kwana suna aiki dare da rana suka bazu a kasuwannin duniya. Akwai kuma na jabu, tsohon GTS 450 da aka sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti. GPU-Z yakan tona irin wannan. Kada ka biya sai an saka katin a gabanka, an kunna wasa mai nauyi na aƙalla rabin awa, kana kallon zafinsa da fankokinsa. Mai shagon da ya ce babu lokacin gwaji, ka yi masa sallama ka wuce shago na gaba.