Yadda nake ƙulla rikici a cikin labari

Kusan kowane mako sai wata ƙanwa ta turo mini babin farko na littafinta ta WhatsApp, ta ce, "Anti, don Allah ki duba mini." A Gwale nake zaune, na daɗe ina rubutu ina kuma gyara wa wasu. Matsalar da na fi gani ɗaya ce: Hausa ta yi daɗi, an siffanta amarya daga ɗankwali har takalmi, amma har shafi na goma babu abin da ya hana kowa barci. In na ce babu rikici, sai a dawo mini da kishiya mai bin bokaye ko uwar miji mai zage-zage. Wannan hayaniya ce, kuma mai karatu yakan gaji da ita da wuri.

Tun muna yara mun san sirrin. Da an ce "Ga ta nan, ga ta nanku," abin da ke hana mu gyangyaɗi shi ne Gizo yana jin yunwa, abincin kuma yana hannun wanda ya fi shi ƙarfi. Ga buƙata, ga abin da ya tare ta.

Saboda haka kafin ki rubuta ko layi ɗaya, ki faɗi abin da tauraruwarki take so a jimla guda, kuma ya zama abin da hannu zai iya taɓawa. "Tana son kwanciyar hankali" bai isa ba. Bari in ba ki misali da labarin da nake kai yanzu. Rabi mai ɗanwake ce a Dandago, mijinta ya rasu. Wata goma tana zubin adashi, kwasarta ta zo, za ta yi wa 'yarta Hadiza kayan ɗaki. Biki saura mako uku.

Sai ki kawo abin da zai tare mata hanya, amma shi ma ya zo da gaskiyarsa. A nan na fi daɗewa ina tunani. Ƙanin Rabi, uwa ɗaya uba ɗaya, direban adaidaita sahu ne. Ya yi hatsari, yana kwance a asibiti, ana neman kuɗin aiki. Kuɗi ɗaya, haƙƙi biyu. In ta kai asibiti, za a kai marainiya ɗakin miji babu gado, dangin ango kuma za su zo ganin ɗaki. In ta kai wa kafinta, da wane ido za ta dubi ɗan'uwanta? Babu mugu ko ɗaya a labarin, shi ya sa mai karatu ba shi da wanda zai tsana ya huta. Dole ya zauna ya yi lissafin tare da Rabi. Littattafan soyayyar da suka cika Kano a shekarun 1980 da 1990 sun yi ta juya maganar auren dole, kuma waɗanda suka zauna mini a rai su ne waɗanda uban yarinyar yake da hujjarsa, alkawari ya ɗauka ko zumunci yake tsoron yankewa.

Mu Hausawa muna da wata dukiya da marubuta ke tsallakewa: kunya da kara. Rikicinmu mafi zafi ba a faɗarsa da baki. Hadiza 'yar fari ce, Rabi ko sunanta ba ta kira, balle ta zaunar da ita ta ce ga halin da ake ciki. To, kada ki haɗa su suna kuka suna zuba jawabi. Ki bar maganar ta bi ta bayan gida. Ni ga yadda na yi: Hadiza ta samu ƙanwar mahaifinta tana tsince shinkafa.

"Gwaggo, an ce Kawu ya kwana da zazzaɓi?"

"Haka aka ce."

"Ni fa katifar da nake kwana a kai ba ta mutu ba."

"Ke dai yi shiru, 'yar nan. Ba a kai amarya da tsohuwar katifa."

Rabi tana bakin murhu, ta ji komai, ta ci gaba da jefa ɗanwake a tukunya. Ban rubuta cewa zuciyarta ta karye ba. Na rubuta cewa ranar ta manta ba ta sa kanwa ba.

Daga nan sai ki riƙa ƙara nauyi, kowane babi ya rufe ƙofa ɗaya. Kafinta ya riga ya karɓi kafin alƙalami, ya yanka katako. Uwar adashi ta ce ba za a iya ba ta kwasa biyu ba. Likita ya sa rana, ranar kuma ta faɗo kafin ranar jere. Lokaci ne ke matse labari, don haka ki sa wa rikicinki wa'adi.

In gajeren labari kike rubutawa, ƙulli ɗaya ya ishe ki. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, kalma 1,000 zuwa 1,500 take nema. A wannan fili ba za ki iya haɗa kishi da gado da shaye-shaye ba.

Wajen warwarewa kuma ina roƙonki abu ɗaya. Kada wani Alhaji da ba mu taɓa gani ba ya fito a shafin ƙarshe ya biya komai. Na yi imani Allah yana kawo ɗauki ta inda ba a zato, amma a labari ki bari tauraruwa ta zaɓa tukuna, zaɓin kuma ya ci mata wani abu. In taimako zai zo, ki shuka shi tun farko.

Idan na gama babi, nakan karanta wa maƙwabciyata da dare, in tsaya daidai ƙarshensa in rufe littafin. Jiya na tsaya a inda Rabi ta ƙulle kuɗin a bakin zane ta tare adaidaita a Ƙofar Na'isa. Maƙwabciyata ta riƙe mini hannu ta ce, "Wajen kafinta ta ce a kai ta, ko asibiti?"